Kujerar Motarka Ta Manta Zamanka? Ga Yadda Ake Gano Inda Matsalar Take

Motoci da yawa na hannu da ake shigowa da su ta Kwatano ko Legas, irin su Lexus, Mercedes da Ford Explorer, suna zuwa da kujerar direba mai lantarki wadda ke tuna yadda kake zama. Ka danna maɓalli na 1 ko na 2, sai ta koma daidai inda ka saita ta. Ranar da majinginar kujerar ta daina bin wannan umarni, wasu masu gyara sukan ce a sayi sabon moto ko ma kujera sukutum. Kafin ka zaro kuɗi, ka sani cewa sau da yawa laifin yana kan wata 'yar na'ura mai gane matsayin majingina, ko kuma wayoyin wutar da ke zuwa gare ta.

Yadda na'urar take aiki

Akwai ƙaramar kwamfuta a ƙarƙashin kujera, kuma ba ta da hanyar sanin yawan kishingiɗar majingina sai abin da sansa ta faɗa mata. Sansar iri biyu ce. Ta farko tana aiki kamar abin murɗa ƙarar rediyo, da wayoyi uku: ɗaya na kawo volt 5, ɗaya nagatif, ta uku kuma tana mayar da saƙo wanda ke hawa ko sauka yayin da majingina ke motsi. Ta biyu tana cikin moton kansa, tana ƙirga zagayen wani maganaɗisu. Ana kiranta sansar Hall, da sunan Edwin Hall wanda ya gano wannan ɗabi'a ta lantarki a 1879. Irinta ce ke kashe fuskar wasu wayoyin salula idan an rufe murfinsu mai maganaɗisu.

Alamar da ke raba gardama

Taɓa maɓallin gefen kujera. Idan majingina ta yi gaba ta yi baya amma ta ƙi komawa inda aka ajiye mata, moto da fiyus lafiyarsu ƙalau, saƙon sansa ne bai isa ba. A wasu motocin za ka ga tana ɗan motsawa ta tsaya, saboda kwamfutar ta daina jin ƙirgen. Idan kuwa ko motsi babu, fara da fiyus da maɓalli.

Abin da wayar salularka za ta iya

Tun 1996 motocin da ake sayarwa a Amurka ke zuwa da soket ɗin OBD-II mai ramuka 16 a ƙasan sitiyari. Ka soka ƙaramar na'urar ELM327, ka haɗa ta da wayarka ta Bluetooth, sai ka karanta lambobin matsala. Sai dai yawancin manhajojin kyauta lambobin inji kawai suke gani, masu farawa da P. Na kujera da B suke farawa, don haka kana buƙatar manhajar da ta san kamfanin motarka, kamar FORScan ga masu Ford. A Ford, B1959 na nufin layin saƙon majingina ya yanke, B1960 ya taɓa wutar batir, B1961 kuma ya taɓa jikin ƙarfen mota. Lura cewa lambar layin take nunawa gaba ɗaya, ba ta ce sansar ce ta mutu ba.

Gwaji daki-daki

Da farko, gargaɗi: soket mai launin rawaya a ƙarƙashin kujera na jakar iska ce. Kada ka kai masa mita, kada ka zare shi mota tana kunne. Idan dole a taɓa wayoyin wurin, a cire kan batir na nagatif a jira 'yan mintuna.

Haska fitilar wayarka ka duba. Wayoyin da ke shiga majingina suna lanƙwasa duk lokacin da aka kishingiɗa, nan suka fi saurin karyewa. Robar ruwa ko takalmin da aka cusa ƙarƙashin kujera na iya zare soket. Ruwan wankin ciki kuma yana barin koren tsatsa a kan fil-fil ɗin soket.

Idan ido bai ga komai ba, sai mita. Mayar da batir, kunna makulli, ka auna tsakanin wayar wuta da nagatif. A irin ta farko ya kamata ka ga kusan volt 5. Idan babu, matsalar tana tsakanin kwamfuta da soket. Idan akwai, koma kan wayar saƙo ka danna maɓalli: lambar ta riƙa canzawa a hankali ba tare da tsalle ba. Ta tsaya a sifili, layin ya yanke ko ya taɓa ƙarfe. Ta kai wajen volt 12, ya haɗu da wutar batir. Saƙon sansar Hall kuwa sama da ƙasa yake yi da sauri, don haka ya fi sauƙi a kalli ƙirgensa a manhaja. Girgiza wayoyin da hannu kana kallon mita. Idan lamba ta yi tsalle, ka kama ɓarawon.

Bayan gyara, motoci da dama suna buƙatar a sake koya wa kujerar iyakarta, yawanci ta kai majingina ƙarshen gaba da ƙarshen baya. Littafin motarka zai faɗi tsarin.

Kada ka bar gyaran ya daɗe idan majinginar ta maƙale a kwance. Bel ba ya riƙe ƙirji yadda ya kamata a irin wannan zama, mutum na iya sulalewa ta ƙarƙashinsa idan aka yi karo. In ka je wajen mai rewaya, nuna masa lambar da ka karanta, ka ce ya auna wayoyin nan uku a gabanka kafin a yi maganar sayen komai.