Shirin Musamman: Matuƙi, Mai Jirgi da Haƙƙin Cewa A'a

Abin da masana harkar ƙwadago ke kira ciniki na bai ɗaya shi ne ma'aikata su wakilta ƙungiyarsu ta zauna da mai aiki a tsayar da albashi da sharuɗɗa a rubuce, maimakon kowa ya je roƙo shi kaɗai, kuma Najeriya ta amince da wannan haƙƙi tun 1960, lokacin da ta karɓi yarjejeniya mai lamba 98 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya.

Matuƙan jirgin sama na cikin waɗanda suka fi cin moriyarsa, saboda horar da matuƙi na cin shekaru da maƙudan kuɗi, ba a maye gurbinsa dare ɗaya. A 2023 matuƙan kamfanin Delta na Amurka suka samu ƙarin albashi na kashi 34 cikin ɗari a tsawon shekara huɗu, nan take takwarorinsu na wasu kamfanoni suka mai da wannan adadi ma'aunin da ba za su sauka ƙasa da shi ba. Sai dai makaminsu mafi kaifi shi ne bin ƙa'ida sau da ƙafa, wato matuƙi ya ƙi ƙarin aiki, ya kuma ƙi tashi da jirgi sai kowane sharaɗin kariya ya cika, abin da ke sa kamfani ya ji a aljihunsa ba tare da an shiga yajin aiki ba.

Wannan makami ne matuƙin jirgin ruwa na garin Warra ya fi buƙata, domin tafkin da yake fito a kansa, wanda madatsar Kainji ta samar a 1968, ya haɗiye itatuwan da kututturansu ke nan a ƙarƙashin ruwa har yau. A ranar 26 ga Mayu, 2021, jirgin da ya taso daga Lokon Minna ta jihar Neja zuwa Warra ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse, kaɗan ne suka tsira, hukumomi kuma suka ɗora laifin a kan lodi fiye da kima. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta haramta irin wannan lodi da tafiyar dare, ta wajabta rigar kariya, amma doka ba ta biyan kuɗin cefane, kuma duk inda ladan matuƙi ya rataya a kan yawan fasinja, wanda ya ce jirgi ya cika shi ne zai kwana da asara, wani kuma ya karɓe layinsa.

Saboda haka buƙatar farko da ya kamata matuƙan wannan yanki, na Yauri da Ngaski da Shanga, su kai gaban masu jirage, a gaban Sarkin Ruwa da jami'an hukuma, ita ce tsayayyen lada a kan kowane sawu, tare da rubutaccen alkawarin cewa ba za a kori wanda ya ƙi tashi da jirgin da ya wuce kima ba. Fasinjojin ranar kasuwa su ne suka fi cancanta su mara wa wannan buƙata baya.