Fritz Pollard: Ɗan Mai Askin da Ya Gagari Yale da Harvard

A watan Nuwamban 1916, cikin sati biyu a jere, wata ƙaramar jami'a mai suna Brown ta je gidan Yale ta ci su 21 da 6, ta kuma wuce gidan Harvard ta ci su 21 da nema. A Amurka ta wancan lokaci, waɗannan jami'o'i biyu su ne iyayen ƙwallon ƙasar, su ke tsara dokokinta, 'ya'yan masu kuɗi ne ke buga musu wasa. Wanda ya yi musu wannan ɓarna wani saurayi ne baƙar fata ɗan shekara 22, tsawonsa bai wuce mita 1.75 ba, nauyinsa kamar kilo 75. Sunansa Frederick Douglass Pollard, amma kowa Fritz yake ce masa.

Kafin mu yi nisa, sai an ɗan warware wasan, don ba ƙwallon da muka sani ba ce. Mutum goma sha ɗaya ne a kowane ɓangare, kamar tamu, amma ƙwallon doguwa ce mai tsini a kai biyu, kuma da hannu ake ɗaukarta. Filin yadi 100 ne. Ana ba ƙungiya dama huɗu ta ci gaba da yadi 10. In ta kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Wanda ya tsallaka layin ƙarshe da ƙwallo a hannu ya ci maki 6. Ƙarti suna jeruwa a gaba suna ture juna, a bayansu kuma akwai masu gudu, cikinsu har da wanda ake kira hafbak, wato wanda ake miƙa wa ƙwallo ya nemi kafar da zai ratsa. Duk wanda ya yi langa yana yaro zai gane abin nan take: hafbak shi ne ruwa, sauran suna share masa hanya ya je ya sha, abokan gaba kuma ba su da buri sai su kayar da shi.

A zamanin Pollard wannan aiki ya fi na yau haɗari nesa ba kusa ba. A 1905 kaɗai matasa kusan ashirin suka mutu a filayen wasan, har Shugaba Theodore Roosevelt ya kira wakilan Harvard da Yale da Princeton fadarsa ya ce su gyara. Shekara ta gaba aka halatta jefa ƙwallo gaba, don a rage cunkoso. Duk da haka hular kariya ta fata ce kawai, ba ta da ƙarfen tsare fuska, kuma ba a wajabta ta a jami'o'i ba sai 1939. Ɗan wasa ɗaya shi ke kai hari, shi ke tsaron gida, sau da yawa ba ya fita har a tashi.

An haifi Pollard ranar 27 ga Janairun 1894 a unguwar Rogers Park ta Chicago, inda Jamusawa suka yi yawa, daga nan ne ma ya samo sunan Fritz. Mahaifinsa mai aski ne, tsohon sojan yaƙin basasar Amurka, mahaifiyarsa kuma tela. Ya yi sakandare a Lane Tech, ya ɗan yi gararamba tsakanin jami'o'i kafin ya zauna a Brown, a garin Providence, a 1915. A can da gugar kayan ɗalibai yake samun na kashewa. Wannan ɗan bayani yana burge ni fiye da duk makin da ya ci: mutumin da jaridu ke yabo ranar Lahadi, shi ne ke riƙe da dutsen guga ranar Litinin yana fitar da karin wandon waɗanda suka tafa masa.

A ƙarshen kakarsa ta farko aka gayyaci Brown zuwa Pasadena, jihar California, don wasan Rose Bowl na ranar 1 ga Janairun 1916. Shi ne baƙar fata na farko da ya buga wannan wasa. Ranar ba ta yi masa kyau ba. An sha ruwan sama, fili ya zama taɓo, mai gudu irinsa kuwa da ƙafa yake ci. Washington State ta ci su 14 da nema.

Kakar 1916 ce tasa. Brown ta ci wasa takwas a jere, sai a na ƙarshe Colgate ta lallasa ta. Salon Pollard ba na ƙarfi ba ne. Yakan tsaya cak a tsakiyar gudu, ya karkace, ya bar mai kamu yana rungumar iska. Amma abin da ya fi nuna irin filin da yake wasa a kai shi ne dabarar da ya koya ta faɗuwa. Abokan hamayya sukan jira a kayar da shi, su afka masa da gwiwa da naushi bayan an busa, alƙali kuma ya kau da kai. Sai ya riƙa juyawa rigingine da zarar ya taɓa ƙasa, ya ɗaga ƙafafu sama, ƙusoshin takalminsa na kallon duk mai niyyar faɗo masa. Wanda ya gwada sau ɗaya ba ya sakewa. A ƙarshen kakar Walter Camp, tsohon ɗan Yale da ake ɗauka uban wasan, ya sa shi cikin jerin gwanayen Amurka na shekara. Kafin shi an taɓa zaɓen baƙar fata, William Henry Lewis na Harvard a 1892, amma Lewis a sahun gaba yake. A cikin masu gudu, Pollard ne na farko.

Bai kammala Brown ba. Karatu ya sha kashi a hannun ƙwallo, sannan Amurka ta shiga yaƙin duniya na ɗaya. Daga 1918 ya koyar da ƙwallo a Jami'ar Lincoln ta Pennsylvania, makarantar baƙar fata wadda daga baya Nnamdi Azikiwe, haifaffen Zungeru, da Kwame Nkrumah suka yi karatu a cikinta.

A wancan lokaci ƙwallon jami'a ce ke da daraja. Ta kuɗi kuwa ana yi mata kallon sana'ar 'yan ƙwadago a garuruwan masana'antu. A watan Satumban 1920 wasu masu ƙungiyoyi suka taru a shagon sayar da motoci a Canton, jihar Ohio, suka kafa gasar da bayan shekara biyu ta zama NFL. Pollard yana cikinta tun ranar farko, shi da wani baƙar fata mai suna Bobby Marshall. Ƙungiyarsa, Akron Pros, ba a ci ta ko sau ɗaya ba a wannan shekara, ita ce zakara ta farko. Amma tauraron ƙungiyar ba ya shiga otal ko gidan abinci da abokan wasansa a garin da yake ci wa kofi. A kamfanin sigarin mai ƙungiyar yake sa kayan wasa, a kawo shi fili dab da za a fara. A 1921 aka naɗa shi ɗaya daga cikin masu horar da ƙungiyar biyu, yana kuma bugawa. Baƙar fata yana ba Turawa umarni a 1921, a ƙasar da a kudancinta ba zai sha ruwa a famfo ɗaya da su ba. A wannan shekara Paul Robeson, wanda daga baya ya shahara a waƙa da fim, yana cikin 'yan wasansa.

Nan ne labarin ya saɓa wa yadda aka saba ba mu shi. An saba cewa baƙar fata a Amurka suna waje, sai a hankali aka buɗe musu ƙofa. A wannan wasa da su aka aza harsashi, daga baya aka tura su waje. Pollard ya buga kakarsa ta ƙarshe a 1926. Da gasar ta fara kawo kuɗi da mutunci, sai baƙar fata suka riƙa raguwa, har a 1933 saura biyu, Joe Lillard da Ray Kemp. Daga 1934 zuwa 1945 babu ko ɗaya. Ba a rubuta wata doka ba, masu ƙungiyoyin ma sun yi ta musun cewa akwai yarjejeniya. Ni dai ban ga yadda za a yi shekara goma sha biyu ba a samu baƙar fata ɗaya da ya iya gudu ba a duk faɗin Amurka.

A fili Pollard ya ba da amsarsa. A 1935 ya karɓi horar da ƙungiyar Brown Bombers a Harlem, duk baƙar fata, cikinsu har da Lillard, suna karawa da ƙungiyoyin Turawa suna cin su, don kowa ya gani da idonsa cewa ba iyawa aka rasa ba. Ya kuma buɗe jarida a New York, ya yi harkar nema wa mawaƙa da 'yan wasa aiki. A 1936 ɗansa, Fritz ƙarami, ya ci tagulla a tseren tsallake shinge na mita 110 a gasar Olamfik ta Berlin.

Ƙofar ta sake buɗewa a 1946, ba don zuciyar masu ƙungiyoyi ta yi laushi ba. Ƙungiyar Rams ta koma Los Angeles tana neman hayar filin gwamnati, aka gindaya mata sharaɗi, sai ta ɗauki Kenny Washington da Woody Strode. Ƙungiyar Washington ta George Preston Marshall ta ci gaba da taurin kai har 1962. Kujerar mai horarwa kuwa ta fi daɗewa a rufe: bayan Pollard ba a sake naɗa baƙar fata babban mai horarwa a NFL ba sai Art Shell na Raiders a 1989. A wannan shekarar ce Christian Okoye, haifaffen Enugu, ya fi kowa yawan yadin gudu a gasar.

Jami'o'i sun tuna da Pollard da wuri, sun sa shi a zauren gwanayensu a 1954. Gasar da ya taimaka aka kafa ta yi jinkiri. Ya rasu ranar 11 ga Mayun 1986 a jihar Maryland yana da shekara 92. A 2003 aka kafa wata ƙungiya da sunansa mai fafutukar a ɗauki baƙar fata aikin horarwa, a shekarar da NFL ta wajabta wa kowace ƙungiya ta yi wa aƙalla ɗan tsiraru ɗaya ganawar neman aiki kafin ta naɗa babban mai horarwa. Sai a 2005 aka sa sunansa a zauren gwanayen ƙwallon kuɗi na Canton, shekara 19 bayan rasuwarsa, jikokinsa ne suka karɓa a madadinsa.