Idan tukunyar kulorin ta ɓule, kada ka watsa mata ruwa

Da asubahin wata Asabar a watan Yulin 2015, tukunyar kulorin ta fashe a matatar ruwa ta Lamingo da ke Jos, maƙwabta suna barci. Mutum 8 suka rasu, sama da 100 aka kwasa zuwa asibiti. Ba wuta ce ta ci su ba, ba kuma gini ne ya danne su ba. Iska suka shaƙa. Duk wanda gidansa yake kusa da matatar ruwa ko masana'anta, da duk mai sana'ar jari-bola, da uwargidan da ke wanke banɗaki da ruwan bilic, wannan magana tasa ce, kuma ya kamata ya ji ta tun kafin ranar da zai buƙace ta.

Kulorin ba abin a kawar ba ne. Shi ke kashe ƙwayoyin kwalara da taifot a ruwan famfo. Sai dai yadda ake kawo shi ne abin tsoro. Ana matse shi har ya koma ruwa, a ɗure a tukwanen ƙarfe, ƙanana masu cin kimanin kilo 68, manya masu kusan tan guda. Da zarar ya sami kafa, lita ɗaya ta wannan ruwan kan zama iska mai yawan lita 460 ko kusa da haka. A ranar 27 ga Yunin 2022, a tashar jiragen ruwa ta Akaba a ƙasar Jodan, igiyar kirane ta tsinke, tanki mai tan 25 ya faɗo ya fashe. Cikin 'yan daƙiƙu hayaƙi ruwan ɗorawa ya lulluɓe wurin, mutum 13 suka mutu, sama da 250 suka jikkata.

Abin da ya fi muhimmanci a riƙe shi ne nauyinsa. Kulorin ya fi iskar da muke shaƙa nauyi sau biyu da rabi. Ba ya tashi sama ya watse. Ƙasa yake bi kamar ruwan kwata, ya gangara lungu, ya cika rami da kwalbati, ya shiga ta ƙarƙashin ƙofa. A dubi yadda muke kwana: tabarma a tsakar gida, katifa a ƙasa, yara a jere. Wanda yake kwance shi zai fara shaƙa, sai yaro ƙarami. Idan kuma kulorin ya shiga jiki, yana haɗuwa da danshin ido da maƙogwaro da huhu ya koma asid. Daga nan ne raɗaɗi da hawaye da tarin da ba ya tsayawa suke fitowa.

Saboda haka idan ka ji warin bilic mai ƙarfi ya cika unguwa, ido yana yaji, kada ka tsaya neman daga ina yake. Ɗauki yaro ka saɓa a kafaɗa, kada ka ja shi a ƙasa. Dubi inda iska take kaɗawa, ko da ƙura ko ganye ko bakin mayafi, ka ratsa ta gefe ka fita daga hanyarta, sannan ka nemi tudu. Wanda ya bi inda iskar ta nufa, hayaƙin yana biye da shi. Jiƙaƙƙen ƙyalle a hanci yana ɗan ragewa kana tafiya, amma bai isa ka tsaya da shi ba, takunkumin zamanin korona kuwa ba ya tare komai. Wanda hayaƙi ya riga ya kewaye gidansa, fita ta gagara, ya hau bene in akwai, ya rufe tagogi, ya toshe ƙasan ƙofa da jiƙaƙƙen zane, ya kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki. A kira 112 a Nijeriya, ko 18 a Nijar, a gaya wa 'yan kwana-kwana ƙarara cewa kulorin ne, don su zo da kayan numfashi.

Akwai halinmu guda biyu da nake jin tsoronsu a irin wannan rana. Na farko ganin ƙwaf. Da an ce wani abu ya faru, sai ka ga jama'a sun yi dafifi, kowa da waya a sama. Na biyu kuma ya fi ciwo, domin daga kyakkyawar zuciya yake fitowa: mun saba duk abin da ya yi hayaƙi a kawo bokiti. Kulorin shi kaɗai bai cika damun ƙarfe ba. Da ruwa ya taɓa shi sai ya koma asid mai cin ƙarfe, ƙaramar kafa ta zama babba. Mai watsa ruwa a kan tukunyar da ke yoyo ƙara buɗe ta yake yi. Jefa ta cikin kududdufi ko rijiya ma haka ne. Masu horo da kayan aiki su ne ke juya tukunyar kafar ta koma sama, don iska ta riƙa fita maimakon ruwan, sannan su ɗaure ta da marufi na musamman. Wannan ba aikin mai ƙarfin hali ba ne da ƙyalle a fuska.

Wanda ya shaƙa, a fitar da shi sarari, a zaunar da shi a jingine, kada a kwantar da shi rigingine, kada kuma a sa shi gudu. A cire tufafin da suka ɗauki warin a ƙulle a leda. A wanke fata, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta a ido na aƙalla minti 15. A nan ruwa yake da amfani. Manja da madara da muke ɗura wa duk wanda ya sha guba ba su da hanyar zuwa huhu, kuma mai fama da numfashi yana iya ƙwarewa da su. Kulorin ba shi da makari. Abin da asibiti ke yi shi ne ba da iskar oksijin da maganin buɗe hanyar numfashi, da sa ido. Sa idon nan kada a raina shi. Mutum kan ji sauƙi ya ce a kai shi gida, bayan 'yan sa'o'i ruwa ya taru masa a huhu cikin dare. Mai asma da tsoho da jariri, ko tari kaɗan suka yi, a kai su.

Ku kuma 'yan jari-bola da masu walda, don Allah ku saurara. Tsohuwar tukunya mai tsatsa da aka ce maka babu komai a ciki, babu wanda ya isa ya tabbatar da hakan da ido ko da girgizawa. Kan tagullar da kake son cirewa shi ne abin da ya tsare gubar. Guduma ɗaya a cikin kasuwa ko tsakiyar unguwa ta isa ta cika asibiti. Wuta ta fi muni: irin waɗannan tukwane suna da wani toshi da aka yi shi don ya narke a zafin da bai wuce digiri 74 ba, ƙarfe mai zafi kuwa ci yake da wuta a cikin kulorin. Tukunyar da ba ka san abin da ta taɓa ɗauka ba, kada ka saya, kada ka yanka. Kamfani ko hukumar da ta bar irinta ta fita a gwanjo ba a zazzage ta ba, a ganina alhakin duk abin da ya biyo baya yana wuyanta kafin na mai gudumar.

A cikin gida ma ana haɗa wannan iska ba a sani ba. Uwargida ta zuba Hypo ko Jik a masai, ta ƙara maganin wanke masai mai asid don ya fi fita, ta ja ƙofa ta sunkuya da buroshi. Abin da ke tasowa fuskarta kulorin ne. Kada a gauraya bilic da komai sai ruwa. Farin garin kulorin da masu fiya-wata da masu tsabtace rijiya ke amfani da shi kuma, a raba shi da man inji da man birki da taki da danshi, domin yana iya kamawa da wuta shi kaɗai.

Masu unguwannin da ke maƙwabtaka da matatun ruwa su je su tambayi shugabannin wurin: tukwane nawa ke ajiye, akwai na'urar da ke gano yoyo, wa zai tashi jama'a idan abin ya faru da tsakar dare, kuma ta wace hanya za a bi. Amsar da aka samu a sanar da ita a masallaci da coci da makarantar yara cikin wannan makon.