Ba Kowane Ƙarin Ruwa Ne Magani Ba

A watan Yuli na 2018, mutum uku 'yan gida ɗaya daga Jibiya ta Jihar Katsina suka tsallaka iyaka zuwa asibitin Nyelwa da ke gundumar Madarumfa a Nijar, suna fama da amai da gudawa. Su ne na farko da aka gani a annobar kwalarar da ta kama mutum fiye da 3,000 a Nijar a wannan shekara. Ciwo ba ya tsayawa a shingen kwastan.

'Yan'uwa, abin da ke kashe mai kwalara shi ne ƙarewar ruwa da gishirin jiki. Tun 1832 wani likita a Sukotland, Thomas Latta, ya fara ɗura wa irin waɗannan majinyata ruwan gishiri ta jijiya. Shi ne asalin ƙarin ruwan da muka sani.

To, amma ledojin ruwa iri-iri ne. Akwai mai gishiri giram 9 a lita ɗaya. Akwai Ringer, wanda likitoci suka fi zaɓa wa mai kwalara. Akwai kuma na gulukos zalla, wanda ba shi da gishiri ko kaɗan. Idan aka ɗura wa mai gudawa wannan na ƙarshe, ko aka yi ta ba shi ruwa tsura, sai gishirin jininsa, wato sodiyam, ya tsinke. Awonsa a jinin mai lafiya 135 ne zuwa 145. In ya yi ƙasa sosai ruwa yakan shiga ƙwaƙwalwa ta kumbura: ciwon kai, ruɗewa, jijjiga, suma, har mutuwa. Yara sun fi shiga haɗari.

Gyaransa ma ba na gaggawa ba ne. In ya kwana biyu a ƙasa, likita ba ya ɗaga shi fiye da awo 10 a yini guda, domin saurin yakan lalata ƙwaƙwalwa. Shi ya sa ake auna jini akai-akai.

Don haka kada mu kira mai kemis ya rataya mana leda a ɗaki. Wanda ke iya sha, a dama masa fakitin gishiri da sukari ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ya riƙa kurɓa. Wanda ya kasa sha, ko idanunsa suka faɗa, ko fitsari ya ɗauke, a garzaya da shi asibiti mafi kusa, ko a wane gefen iyaka yake.