Shin Ko Kun San? Yadda Kifaye Ke Tsare 'Ya'yansu, Daga Bakin Tiga Zuwa Kogin Amazon

Tarwaɗar da ake yanka mana a kasuwar Rano da karfasar da ake soyawa a Kibiya, kowacce ta taɓa zama ɗan mitsitsin abu da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Dubbai ake ƙyanƙyashewa, 'yan ƙalilan ke girma. Ga wasu abubuwa game da wannan gwagwarmaya ta makonnin farko, a cikin ruwanmu da na wasu ƙasashe.

1. Shin ko kun san cewa Dam ɗin Tiga, wanda ruwansa ya kai har gefen Rurum a ƙasar Rano, an gina shi ne tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo? An tare Kogin Kano ne, ruwan ya mamaye fili mai faɗin murabba'in kilomita kusan 178. Amma kifin da ke ciki ba a tsakiyar ruwa yake hayayyafa ba. Yawancinsa gefe yake fitowa, inda ruwan damina ya hau kan ciyawa, saboda nan ne ƙanana ke samun abinci da maɓoya.

2. Shin ko kun san cewa tarwaɗa ba ta reno ko na kwana ɗaya? Idan damina ta kankama, mace da namiji sukan shiga ciyawar da ruwa ya shanye, galibi da dare. Macen ta watsa ƙwai, namijin ya zuba maniyyi a kai, ƙwan ya manne a jikin ciyawa, su kuma su kama gabansu. Dabararta ita ce yawa: uwa mai nauyin kilo 1 tana iya zubar da ƙwai dubu gomiya a lokaci guda, ko an cinye mafi yawa, wasu za su tsira.

3. Shin ko kun san cewa tarwaɗa tana da wani dangi na nesa a Kudancin Amurka mai hali akasin nata? Masana suna kiransa Ancistrus, sunan da wani masanin kifaye ɗan ƙasar Ostiriya, Rudolf Kner, ya raɗa masa a 1854. Asalinsa kogunan yankin Amazon ne da maƙwabtansu. Tsawonsa bai cika wuce santimita 15 ba, jikinsa sulke ne na ƙashi, bakinsa yana ƙasa, da shi yake mannewa a jikin dutse yana kankarar gansakuka. Wannan aikin shara ne ya sa masu ajiye kifin ado a akwatin gilashi a faɗin duniya suke son sa.

4. Shin ko kun san cewa a gidan Ancistrus uba ne ke reno? Namijin yakan nemi kogo, ko ramin icce ko tsagin dutse, ya share shi tas. Macen ta shiga ta manna curin ƙwai masu launin ruwan lemo, ta fita, aikinta ya ƙare. Daga nan uban ya toshe bakin kogon da jikinsa, yana yi wa ƙwan fifita da fikafikansa don ruwa mai iska ya riƙa ratsa su, yana tsince waɗanda suka lalace. Ƙwan kan fashe cikin kwana 4 zuwa 10, gwargwadon ɗumin ruwa. Duk tsawon lokacin nan da wuya ya fito neman abinci.

5. Shin ko kun san cewa namijin ne ke da gezar nama mai rassa a kan hancinsa? A 1999 wasu masana uku a Amurka, Sabaj da Armbruster da Page, suka kawo hasashen cewa gezar tana kwaikwayon 'ya'yan kifi ne masu motsi a cikin kogo. A ganinsu, mace ta fi son ajiye ƙwai wurin namijin da ta ga alamar yana reno, don haka gezar talla ce.

6. Shin ko kun san cewa a akwatin gilashin da aka haɗa kifaye iri-iri, ranar da ƙananan Ancistrus suka bar kogo ita ce ranar haɗari? Ubansu ba ya cin su, amma maƙwabta ba su da wannan kara: duk abin da ya shiga baki abinci ne. Masu kiwo suna da dabaru uku. Ko su ɗauke kogon gaba ɗaya, da uban da ƙwan, a cikin ruwa ba tare da iska ta taɓa su ba, su mayar wani akwatin. Ko su cika akwatin da icce da duwatsu da ganye don a sami wurin ɓuya. Sannan su ɗaura soso a bakin bututun na'urar tace ruwa, domin ita ma tana zuƙe ƙanana. Abincinsu mai sauƙi ne: yankan kokwamba ko kabewa da aka ɗan tsoma a ruwan zafi.

7. Shin ko kun san cewa karfasarmu a baki take goyo? Namiji ya haƙa ɗan rami a ƙasan ruwa, mace ta zuba ƙwai, da zarar an barbare su ta kwashe cikin bakinta. Takan yi mako ɗaya zuwa biyu tana jujjuya su ba ta ci. Ko bayan sun fara iyo, suna jin motsin haɗari sai su koma bakin uwar a guje. Renon nata yana da kyau har ya zama matsala ga mai kandami: kifi ya yi yawa, abinci ya kasa, kowa ya tsumbure. Shi ya sa wasu ke jefa 'yan tarwaɗa a ciki su rage cunkoso.

8. Shin ko kun san cewa akwai wani ɗan'uwan ƙurungu a Tafkin Tanganyika, can Gabashin Afirka, da ke cin amanar masu goyon baki? Yana fakon lokacin da dangin karfasa ke zuba ƙwai, ya kutsa ya watsa nasa a ciki. Uwar ta kwashe duka ba ta sani ba. Nasa ne ke riga fashewa, su cinye 'ya'yan mai gida a cikin bakinta. Wani masani ɗan Japan, Tetsu Sato, ya bayyana wannan a 1986.

9. Shin ko kun san cewa gaiwa, wadda ke shafe rani a binne cikin busasshiyar laka tana shaƙar iska da huhu, ita ma namijinta ne ke gadin ƙwai? Da ruwa ya dawo fadama, sai a haƙa rami a cikin ciyawa, uban ya tsaya a kai har ƙananan su yi ƙwari. Bargi kuwa sheƙa yake yi zagayayya a cikin ciyawar ruwa, mai faɗin kusan mita 1, kuma iyaye na raka garken 'ya'yan bayan sun fito.

10. Shin ko kun san cewa a wurin ƙyanƙyasa namijin tarwaɗa rai yake bayarwa? Tarwaɗa ba ta sakin ƙwai da kanta a tanki, sai an yi wa macen allura, kamar Ovaprim, rabin mililita ga kowane kilo. Bayan awa 8 zuwa 12 sai a matse cikinta a hankali, ƙwan ya zubo cikin busasshen kwano. Namiji kuwa ba ya matsuwa. Galibi sai an farke cikinsa an ciro 'ya'yan maraina, a tsaga su, a ɗiga farin ruwan a kan ƙwan, a gauraya, a shimfiɗa bisa raga cikin ruwa mai gudana kaɗan-kaɗan.

11. Shin ko kun san cewa hunturu abokin gaban mai ƙyanƙyasa ne? Idan ɗumin ruwa ya kai digiri 28 zuwa 30, ƙwan kan fashe cikin kamar kwana ɗaya. Ruwa ya yi sanyi, lokacin ya ja, asara ta ƙaru. Ƙwai mai rai yana da ɗan kore ko ruwan ƙasa kuma ana gani ta cikinsa. Wanda ya mutu fari fat yake komawa, idan ba a zuƙe shi da siririn tiyo ba, ya ruɓe ya ɓata ruwan ya kashe masu rai.

12. Shin ko kun san cewa ba a ba jaririn tarwaɗa abinci a kwana uku na farko? Yana fitowa da guzurinsa, 'yar jakar gwaiduwa a ƙarƙashin ciki. Sai ta ƙare ake fara ba shi artemiya, ƙwan wani ɗan ƙaramin jatan lande na ruwan gishiri, wanda kaso mai yawa na kasuwar duniya daga wani tafkin gishiri yake fitowa a jihar Yuta ta Amurka.

13. Shin ko kun san cewa babban mai cinye ɗan tarwaɗa shi ne ɗan'uwansa na ciki ɗaya? A kowace ƙyanƙyasa akan sami 'yan tsiraru da ke zarce saura a girma, masu kiwo na ce musu shuta. Tun suna ƙanana sukan kama ɗan'uwa ta wutsiya, su haɗiye har wuya, su yar da kan. Da sun ƙara girma sai su haɗiye shi ɗungurungum ta kai. Mai kiwon da ya zuba dubu ya tashi da ɗari, sau da yawa ba cuta ba ce, ba kuma ɓarawo ba. Maganin shi ne warewa bisa girma akai-akai, ciyarwa kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini, da rufe tankin ya yi duhu, don haske yana ƙara musu faɗa.

14. Shin ko kun san cewa a kandamin ƙasa tsutsar mazari tana cikin manyan maƙiya? Mazari ya sa ƙwai a ruwa, tsutsarsa ta yi kwanton ɓauna tana cafke ƙananan kifi. Ga kwaɗi, ga zalɓe, ga guza, ga macijin ruwa. Shi ya sa ake busar da kandami a zuba farar ƙasa kafin a sa ruwa, a kewaye shi, a rufa raga a sama, kuma ba a sakin 'ya'yan kifi a ciki sai sun kai kamar tsawon ɗan yatsa.

15. Shin ko kun san cewa duk waɗannan maƙiyan ba su kai raga mai ƙananan idanu ɓarna ba? Wanda ya ja gidan sauro a gefen Tiga ko Ruwan Kanya da damina, ko a kududdufan Tarai da Saya-Saya, ya kwashe abin da bai cika kwano ba, alhali da an bar shi zuwa rani, kwanduna ne. Wannan hurumin Sarkin Ruwa ne da dattawan masunta: su hana ragar da ba ta barin ƙarami ya wuce, su kuma ɗaga wa ciyawar gefe ƙafa a watannin da kifi ke zuba ƙwai.