Gwiwa Ta Daina Ciwo, Ko In Ci Gaba Da Motsa Jiki?

 

Yau za mu amsa saƙon wata baiwar Allah daga Magama, can bakin iyakar Jibia. Ta ce likita ya shaida mata sukarinta ya fara hawa, ya ce ta riƙa motsa jiki. Da yake ba ta fita, sai ta mai da tsakar gida filinta. Bayan sallar asuba, kafin yara su tashi, takan yi tafiya, ta ɗan haɗa da sassarfa. Ta yi mako biyar a haka, sai santsi ya kwashe ta a bakin rijiya, gwiwa ta gurɗe. Yau wata guda ke nan, zafin ya tafi, tana tambaya ko ta ɗora daga inda ta tsaya.

A'a 'yar uwa, farko za ki koma. Naman gaban cinya shi ke riƙe gwiwa, kamar yadda azara ke riƙe rufin soro. Idan ƙafa ta yi makonni tana hutu, naman nan yakan zube, ya yi rauni. Ki zagaya cinyoyinki biyu da zare, sau da yawa za ki ga mai ciwon ta fi siranta. Kuma ko a tafiya kawai, duk taku ɗaya gwiwa na ɗaukar ninki biyu zuwa uku na nauyin jikinki, balle a sassarfa.

Sai ki fara gwada kanki. Kumburi ya saɓe gaba ɗaya? Kina miƙe ƙafar ki lanƙwasa ta kamar 'yar uwarta? Kina zagaya tsakar gida na minti 30 ba ɗingishi? Idan ɗaya ya gagara, lokacin sassarfa bai yi ba. Ki kwanta rigingine a tabarma, ki lanƙwasa lafiyayyar ƙafar, ki ɗaure naman cinyar mai ciwon, ki ɗaga ta a miƙe kamar taƙi ɗaya, ki ƙirga biyar, ki sauke a hankali. Sau goma, safe da yamma. Sannan ki zauna a bakin gado ki miƙe tsaye ba dafawa, shi ma sau goma.

In kin wuce nan, akwai tsarin masu koyon gudu da hukumar lafiya ta Ingila ke yaɗawa, na mako 9, sau uku a mako. Makon farko gudu na minti ɗaya ne, tafiya minti ɗaya da rabi, a maimaita sau takwas. Tsakar gida ta ishe ki, ki mai da gudun sassarfa. Amma ki riƙa sauya hannun da kike zagayawa, don wurin ƙarami ne, juyawa ta yi yawa. Ki sa takalmi mai rufi, ba silifa ba. Tsakanin rana da rana ki bar kwana guda na hutu.

Alƙalinki shi ne wayewar gari. Idan kin tashi gwiwar ta kumbura, ko ta fi jiya ciwo, kin yi gaggawa. Ki huta kwana biyu, ki koma matakin baya, ko da za ki maimaita mako ɗaya sau uku.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙwayoyin ciwon jiki, na masu talla da ke shigowa har ɗaka, da wanda ake sayo mana ranar kasuwar Jibia. Mace ta haɗiyi biyu, ta ji garau, ta hau aiki. Ƙwayar ta rufe bakin ciwon ne kawai, ba ta ɗinke jijiya ba. Irin su diclofenac kuma, in aka daɗe ana sha, suna cin ciki, suna taɓa ƙoda, mai ciwon sukari kuwa ƙodarta abin lallaɓawa ce. Kada ki sha don ki samu damar sassarfa.

Aikin gida ma motsa gwiwa ne. Doguwar tsuguno gaban murhu ko wajen wanki, ki ɗan ɗaga mata ƙafa, ki nemi kujera mai tsayi. Idan sujada ta gagara, malamai sun yi bayanin sallah a zaune, ki tambaya.

Amma idan gwiwar tana sarƙewa ta ƙi miƙewa, ko tana sullewa kamar za ta kayar da ke, ko kin ji ƙara ranar da kika faɗi ta kumbura nan take, ko ta yi zafi rau ga zazzaɓi, wannan ya wuce man zafi, ya wuce maɗori. A je Babban Asibitin Jibia. In ta kama, za su tura ki Katsina, Asibitin Janar Amadi Rimi, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Maigida, in kana kusa da rediyo, da kai nake: izini da kuɗin mota suna hannunka.

'Yar uwa ta Magama, Allah ya ƙara sauƙi. Ki sake aiko mana bayan mako biyu mu ji yadda gwiwar ta kwana.