Motar da ke rawa a hanyar Kazaure

Direban Golf ko Sharon da ke jigila tsakanin Kano da Kazaure zuwa Daura, in ya kai mota gareji, abin da yakan ce bai wuce "Maigida, motar nan rawa take yi" ba. Bakanike kuwa in ba mai tsoron Allah ba ne, sai ya fara canza kaya ɗaya bayan ɗaya har aljihu ya ƙare. Alhali in direba ya lura da lokacin da rawar ke zuwa, ya riga ya yi rabin aikin.

Akwai rawar da ba ta tashi sai an hau kwalta mai kyau, gudu ya kai kilomita 80 zuwa 100 a awa, sitiyari ya soma karkarwa a hannu, in an rage gudu ta lafa. Wannan galibi taya ce ba ta daidaita ba. Ko ɗan ƙarfen balansin da ake maƙala wa a bakin rim ya faɗi, ko rim ya lanƙwashe a rami. Da damina kuma, wanda ya shiga ƙauyukan Gwiwa ko Babura ya fito, ya leƙa cikin rim tukuna: taɓon da ya bushe a gefe guda ya isa ya girgiza mota, maganinsa bokitin ruwa ne kawai. Idan rawar a sitiyari take, a nemi laifin a tayoyin gaba. Idan a kujera take, a duba na baya.

Wadda ta fi ban tsoro ita ce rawar da ake ji tun mota tana tafiya a hankali, tana rangaji kamar mai ɗingishi. A tsaya, a shafa tayar da tafin hannu a zagaye. In an ji ƙullutu, wayoyin cikinta sun saki, kuma ranar da aka lafta mata buhunan gero cikin zafin watan Afrilu za ta iya fashewa. Masu sayen tayar gwanjo su koyi karanta lambobi huɗu na ƙarshe da ke bayan rubutun DOT a jikinta: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta daɗe tana gargaɗin a daina amfani da taya bayan shekara 4 da ƙera ta. Zanen taya na iya zama da kyau amma robar ta tsufa.

In taya lafiya take amma rawar ba ta daina ba, a ɗaga motar da jak, a kama tayar dama da hagu a jijjiga. In tana motsi, tarod ya ci. A kama sama da ƙasa, in ta yi ƙwas-ƙwas, boljoyin ne ko boris. Shi boris ma yakan sanar da kansa da wani gurnani da ke ƙaruwa da gudu.

Sai rawar da ba ta zuwa sai an taka birki, ƙafa ta ji feda tana bugowa. Faifan birki ne ya ci ba daidai ba, wani wuri kauri wani wuri siriri. Zafi na jawo haka, haka ma ɗaure notin taya da mai faci ke yi da tsalle a kan sifana, wani ya matsu fiye da wani. Ƙarar ƙarfe a kan ƙarfe kuwa, fad ya ƙare, faifan ake ci. Motar da ke fizga gefe guda in an taka, wani ɓangaren ne ya riƙe. Bayan 'yar tafiya a kusantar da hannu ga kowane rim, wanda ya fi na ɗaya gefen zafi shi ne mai laifi.

Feda mai laushi da ke nutsewa har ƙasa, wannan ba ta jiran a sauke fasinja a tasha. Ko iska ta shiga bututu, ko man birki na yoyo. A duba bayan taya ko akwai danshi. Man birki yana shan danshin iska da kansa. Mai nau'in DOT 3 sabo sai ya kai digiri 205 kafin ya tafasa, amma in ya sha ruwa sai ya sauko wajen 140. Mota cike da kaya tana gangara tudun Roni, direba ya kwantar da ƙafa a kan birki maimakon ya sauko da giya, zafin ya tafasa man, feda ta tafi fayau. Shi ya sa masu ƙera motoci da yawa ke cewa a sauya shi duk shekara 2. Masu zuba ruwan omo a madadinsa, wai a lallaɓa zuwa gari, su sani ruwa a digiri 100 yake tafasa, kuma yana sa bututu da silinda su yi tsatsa ta ciki inda ido ba ya gani.